Wa Zai Amsa wa Khaulat Gaisuwa?

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, 16 ga Yuli, 2025, Allah Ya karɓi ran Malama Falta Umara, malamar ajin ƙananan yara a makarantarmu da ke wani ƙauye gabas da Ɗambatta, bayan jinyar kwana huɗu.

Malama, shekara tara ina shugabantar makarantar nan, ban taɓa riga ki zuwa ba. Kullum kina durƙushe a bakin aji, kina gaida kowane yaro da harshen gidansu. 'Ya'yan rugar bayan gari da Fulatanci, namu da Hausa, sannan ku shiga baƙaƙen Larabci da waƙoƙin Turanci. Na sha yi miki faɗa cewa iyaye Turanci suke son ji. Sai ki yi murmushi ki ce, "Malama Safara'u, ai ba a yaye jariri ranar suna."

Ban gane nufinki ba sai bara, da aka kawo mana Khaulat, marainiya 'yar shekara huɗu daga Borno. Wata biyu ba ta ce uffan ba, har muka fara cewa bebiya ce. Ke kika tsuguna kika gaishe ta da Barbarci, harshen da kika sha a nono. Yarinyar nan ta ɗago ido ta amsa, ta ƙanƙame mayafinki tana kuka. Kafin azumi har ta fara tsintar Hausa.

Kin san ni ma kakata Babarbariya ce. Sau nawa kika ce, "Zo in koya miki ko gaisuwa ce, ba kullum zan kasance ba." Ni kuwa sai in ce bari a gama jarrabawa, bari a gama girbi.

Yau kwana shida ke nan, kowace safiya Khaulat tana zuwa ta tsaya daidai inda kike durƙusawa. Ta yi gaisuwar nan da ƙaramar muryarta, ta jira. Muna tsaye mu biyar, manya, babu wanda ya san amsar. Jiya ta zo ta tsaya, amma ba ta buɗe baki ba. Wallahi ina jin tsoro, Malama, kuma kunyarki nake ji. Ko na bar wurin, sai in riƙa jin muryarki tana amsa mata.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Malam Hadi, da 'ya'yanki Ikrima da Sadiƙa. Allah Ya ba ku haƙuri. Sadiƙa, in an share makoki, ina nan zuwa da littafina ki koya mini abin da na ƙi koyo a bakin mahaifiyarki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sauƙaƙa miki amsa tambayar kabari, kamar yadda ba ki taɓa barin ɗan kowa tsaye babu amsa ba.