Ƙwaryar Maharbi

A gidanmu na unguwar Barade ba a zubar da komai sai Kaka ta gani. Mahaifiyar babanmu ce, 'yar gajeruwa mai kaifin ido. Gwangwanin tumatir a hannunta fitila ne, toka ita ce sabulun tukunya, ganyen dogonyaro kuwa cikin buhun wake take cusa shi don kada ƙwari su shiga. Ko ruwan da aka wanke shinkafa, barkononta na bayan ɗaki ke sha. Mu jikoki dariya muke mata, muna cewa wata rana mu ma za ta samo mana wani amfani.

Da yamma, in an sauke tuwo wuta ba ta mutu ba, sai ta jefa busasshen bawon lemu a garwashi don korar sauro, mu kuma mu kewaye ta. Yawancin tatsuniyoyinta na dariya ne. Ɗaya ce kawai take ba mu fuska a ɗaure, kuma ranar da ta fara ba mu ita, ni na jawo. Na tsinci wata kwalba mai kyau a bola, na ɗauraye, na cika da ruwan sha. Ta karɓe ta shinshina, ta kwankwatse ta da dutse.

"Angona, zauna nan," ta ce da ni, da Hausarta da ba ta damu da mace ko namiji ba. "Akwai wani mata, hannunsa kamar nawa, ba ya yar da abu."

Matar, in ji Kaka, tana zaune a gindin dutse da 'ya'ya uku. Maharbin ƙauyen ya mutu, danginsa suka kwashe kayansa suka watsar a daji. A ciki ta ga wata ƙwarya mai zane, ko tsagewa babu. Ta san a cikinta yake dama dafin kibiya, kowa ma ya sani. Amma ta ce wace dauɗa ce ta fi ƙarfin toka? Ta goge da toka, ta goge da yashi, ta shanya kwana bakwai. Har ta zuba ruwan sanyi ta ba kaza, kaza ta sha ta ci gaba da tononta. Washegari ta dama kunu mai zafi ta juye a ciki, yara suka sha, suka tafi gona.

A nan Kaka ta tura itace cikin wuta. Ƙanwata Laraba ta tambaya ko sun mutu.

"Ni ban ce ba. Na ce da yamma uwan ya kira suna uku, dutse ne kawai ya amsa." Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ruwan sanyi ba ya tada abin da ya kwanta a jikin ƙwarya. Zafi ne yake tada shi."

Na ji tsoro ƙwarai, har na yi mako ina shinshina kofi kafin in sha.

Yanzu ina zaune a Nukkai da iyalina, ina noman masara a wajen Sunkani. Kamar kowa, da maganin feshi nake kashe ciyawa. Yana zuwa a galan mai kauri, murfinsa ba ya yoyo, irin wanda duk mai sayar da manja ko kunu ke nema. Saboda tatsuniyar nan, duk wanda ya ƙare sai in ɗora wuƙa a wuta in huda masa gindi. Maƙwabta na cewa rowa ce. Ban taɓa damuwa ba.

Bana na dawo da guda bakwai a buhu, na ajiye a bayan gida, na ce sai na huta. Kwana biyu na yi ina cewa gobe. Da na zo hudawa, shida na samu.

Matata Hannatu ta ce wata mata ce ta shigo neman tsofaffin robobi, da goyo a bayanta, ta roƙi ɗaya. "Baban Dauda, ai na wanke mata shi sosai, har da omo. Kuma na cire takardar jikin." Ba ta san sunanta ba, ba ta san unguwarsu ba. Abin da ta riƙe kawai, matar ta ce kunun zaƙi take yi.

Ban yi wa Hannatu faɗa ba, domin ba ita ta zauna gaban Kaka ba. Ni na zauna, ni kuma na ce gobe. Da ina ɗaukan labarin a kan matar da ta ƙi jin magana ne. Sai yanzu na lura da dangin maharbin, waɗanda suka san abin da ke cikin ƙwaryar, suka watsar da ita ba su fasa ba.

Na yi kwana uku ina zaga kasuwa da bakin makarantun firamare, ina leƙen galan ɗin masu kunu. Duk iri ɗaya ne, duk an cire takarda, kuma yara na tsaye a layi da kofunansu.