Malam Kuwabara Ba Ya Shan Ruwa

Malam Kuwabara, maƙwabcina a garin Kumagaya, shekararsa tamanin da uku, kuma ban taɓa ganin haƙorinsa ba sai in zai yi zagi. Shi ne malamin wasanninmu a makaranta. A zamaninsa yaro ba ya shan ruwa in ana gudu, ko da harshensa zai taɓa ƙasa. "Ruwa na ragwaye ne," in ji shi. Ranar da ya kama ni na kafa baki a kwatar gonar shinkafa, sai da na zaga fili sau goma da tsallen kwaɗo. Ban daɗe ba na bar boko, na bi babana sayar da kifi. Yau ga mu, shinge ɗaya ya raba gidajenmu.

'Yarsa ta zo daga Tokyo ta sa masa na'urar sanyaya ɗaki. Tana juya baya ya lulluɓe ta da zane kamar gawa. Kullum da rana tsaka lasifikar gari na roƙon tsofaffi su sha ruwa, su zauna a inuwa. Daidai lokacin yake fita cire ciyawa a lambun gautansa, don duniya ta shaida.

"Malam, in kawo shayin sha'ir mai sanyi, ko gasa kake yi da busasshen kifina?"

"Tafi can, Genzo mai ƙarni! Da ragwanci aka haife ka."

Haka muke gaisawa, shekara ashirin.

A watan Agustan bara zafi ya haura digiri arba'in. Na leƙa shinge na jefa masa tawa kamar kullum. Malam bai zage ni ba! Yana durƙushe, fuska ja wur, ba ɗigon gumi a jikinsa, yana kirana da sunan wani ɗalibi da ya mutu tuntuni.

Na tsallaka, na ja shi inuwa kamar buhun shinkafa, na kira motar asibiti. Na kwashe ƙanƙarar da ke kan kifina na cusa masa a wuya da hammata, na sheƙa masa ruwa, ina fifita. Da ƙanƙara ta ƙare, na ƙara da daskararren kifi guda huɗu.

Can ya buɗe ido, ya gane ni. Leɓensa ya motsa.

"Ruwa."

Shekara hamsin ina jiran wannan kalma.

"Malam, ai na ragwaye ne."

Na dai ba shi, kurɓi kurɓi, tunda ya iya riƙe kofin da kansa. Likita ya ce da an ƙara minti goma, da turaren makoki za mu kunna masa.

Kwana shida ya yi a asibiti. Godiya? Aiko mini ya yi wai rigarsa ta ƙi daina ƙarnin kifi, in saya masa wata.

Yanzu tun hantsi yake sakin labule don kada a gane ya kunna na'urar. Ya manta injinta na waje a jikin shingena yake, yana ta gurnani.

"Malam! Wane rago ne ya kunna sanyi a gidan nan?"

"Kyanwa ce ke jin zafi, ɗan banza!"

Malam Kuwabara ba shi da kyanwa.