Rijiyar Auta

Mai gyaran agogo ne, amma masu wasan yaƙi na intanet da Mai Taswira suka san shi. In babu kwastoma, sai ya duƙufa zana musu hanyoyin wasan a shafinsa, kyauta, har idonsa ya raunana. Da autarsa ta rasu, ya ƙara wata rijiya a taswirar, wadda babu ita a wasan, ya kira ta Rijiyar Auta.

Kwatsam kamfanin wasan ya sa aka rufe shafin, wai satar fasaha. Da kamfanin ya fara sayar da tasa taswirar, ƙanin Mai Taswira ya nuna masa ita a waya. Ya daɗe yana kallo.

"Yaya, lafiya?"

"Lafiya lau," in ji shi. "Ga rijiyar 'yata nan, sun sa mata farashi."