Tarin Masu Bandar Kifi

Salama gare ku. Kun daɗe ba ku ji ɗuriyata ba. Masu tambayar kifi ta waya, ku yafe mini, ba wulaƙanci ba ne. Jinya na yi, daga baya kuma na yi rashi.

Ni da yayata Hamsatu muke bandar kifi a bakin kogi nan Gaya, tun muna 'yan mata. A sana'armu tari ba ciwo ba ne. Wadda ba ta tari ma tsokanarta muke, mu ce ba ta iya aiki ba.

Nawa ya ƙi tafiya, har wata safiya na ga jini a majina. Aka yi mini radiyo, wato hoton ƙirji, aka tura ni Yamai. Can aka sake hoto, aka ɗebi ɗan nama. Lokotoro, wato likita, ya ce ciwon daji ne a huhun dama, amma ƙarami ne, bai bazu ba, za a iya yi mini aiki a cire shi. Ko taba ban taɓa sha ba.

Ya tambaye ni wa muke aiki tare. Na ce yayata, tarinta ma ya fi nawa. Ya ce in kawo ta.

Yaya ta ƙi. Kun san abin da muka tashi muna ji, wai daji ba ya son ƙarfe, da wuƙa ta taɓa shi sai ya bi jiki. Ga shi tun da sojoji suka karɓi mulki gadar kan iyaka take rufe, kasuwa ta yi sanyi.

"Ke tahi, Ramatu," in ji ta. "In mun tahi duka, wa za shi hura wuta? Da mi za a biya?"

Kuɗin aikin ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Ita ta haɗa nata aikin banda da nawa, ta zauna cikin hayaƙin nan har aka biya.

Ba su tsaga ƙirjina ba. Huji uku suka yi a haƙarƙari, suka zura kamara da ƙarafa sirara, suka ciro ɓangaren da ya lalace. Na farka da roba a gefena, numfashi kamar ana soka mini ƙaya. Kafin mako ya zagayo ina takawa da ƙafata.

Da na dawo gida na ɗaga mata riga. Ta shafa tabon da yatsa, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Wannan ɗan abin muke tsoro? To, kai ni."

Na kai ta, aka yi mata hoto. Lokotoro ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce nata ya wuce aiki. Muka dawo da maganin rage zafi. Ba ta ga ƙarshen damina ba.

Na warke, alhamdu lillahi, amma raina bai warke ba. Na gode wa likitoci, da matan bakin kogi da suka yi mini karo-karo. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya saka mata da Aljanna.

'Yan'uwana masu banda da masu tuya, tarin da ya wuce makonni ku kai shi asibiti. Ku yi banda a fili, inda iska ke wucewa. Ƙarfe ya taɓa ni, ga ni da rai. In ku biyu ne kuke tari, kada ɗaya ta yarda a bar ta a bakin wuta.