Buhun Waken da Inna Dije Ba Ta Buɗe Ba

A Wonaka, idan ka ce wa Inna Dije tuwo ya nuna, sai ta ɗaga murfi ta gani da idonta. Haka Allah ya yi ta. Ta haura sittin, mijinta ya rasu, 'ya'ya duk suna Gusau, amma har yau ita ke noma 'yar gonarta ta bayan gida. Abin taƙamarta wani farin wake ne mai manyan ƙwayoyi, wanda ta taho da irinsa daga ɗakin mahaifiyarta a Bungudu. Duk garin babu mai shi sai ita.

Ƙwari kuwa sun sa waken nan a gaba. Ta zuba toka, ta zuba barkono, a banza. Bara da ƙyar ta tsinci na shuka. Idan bana ma suka cinye, irin ya tafi ke nan.

Bayan girbi sai ga Mansura, malamar gona ta gwamnati, tana raba wa mata buhunan ajiya masu leda biyu a ciki.

"Inna, ki shanya shi ya bushe sarai, ki ɗaure kowace leda tam," in ji Mansura. "Ba a sa magani. Iska ce za ta ƙare wa ƙwarin su mutu. Amma kada ki buɗe sai ranar shuka."

"Kada in buɗe wakena? 'Yar nan, ke kika noma mini shi?"

Ta dai karɓi buhu biyu ta cika. Kwana tara ta iya daurewa, wannan ma an yaba mata. Daga nan kowace Juma'a sai ta kwance na kusa da ƙofa, ta tura hannu, ta sunsuna, ta mayar ta ɗaure. Cikin wata na uku ta tura hannu ta ɗebo gari da ƙwari.

Ta rarrafa wajen buhu na biyu, har ta kama igiyar. Ta daɗe a durƙushe tana jin tsoro, sannan ta saki, ta ƙwala wa maƙwabciyarta Hasana kira.

"Ki kai buhun nan ɗakinki ki kulle. Ko kuka na zo ina yi, kada ki ba ni."

Ta kuwa je, har sau uku. Hasana ta hana, suka yi sati ba sa ga maciji.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, Hasana ta jawo buhun tsakar gida. Inna Dije ta yi bismilla ta kwance, ta nutsa hannu har gwiwar hannu. Wake fari tas, ko huda ɗaya babu. Ta zauna daɓas tana dariya, hawaye na zuba.

Da ta natsu sai ta ce, "Hasana, ɗauko ƙwarya ki ɗiba ki shuka. Irin nan ba zai sake kwana a gida ɗaya ba."