Sulen Bavaria da Ka Bari a Rusholme

Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, bayan azahar, Hajiya Mariatu ta kira ni daga Manchester ta ce mijinta, Alhaji Jibrilu, ya cika.

Alhaji, shekara goma sha ɗaya muna sha'awar abu guda: sulallan zinariya na gwaji, waɗanda tsofaffin masarautun Jamus suka buga don a nuna wa sarki, ba su taɓa shiga kasuwa ba. Kai ka koya mini. Ranar da na goge sulena na farko da lemun tsami, yadda mahaifiyata ke goge tasa, ka dube shi ka ce, "Jumare, ka kashe shi. Ba a polishing ɗin irin wannan." Kafin in koma unguwarmu Perry Barr a Birmingham ka danƙa mini madubinka na duba sulalla kyauta.

Duk da haka na yi kishinka, ba zan ɓoye ba. Ni na fara ganin sulen masarautar Bavaria a littafin gwanjo, ni na nuna maka, kai ka same shi. Ka kira ni kana murna, na ce ina cikin bas. Ban taɓa ce maka Allah Ya sanya albarka ba. Duk zuwan da na yi gidanka a Rusholme, Hajiya ta cika ni da wake da shinkafa, kai ka fito da sulen a kan farin ƙyalle, ni kuwa in ce na ga ɗan tabo a gefensa. Babu wani tabo, Alhaji.

Ranar sadakar uku Hajiya ta ajiye akwatin sulallanka a gabana. Ta ce, "Malam Jumare, ni ban san kansu ba. Ka zaɓi wanda kake so, duk abin da ka ce shi ke nan." Ban ɗauki sulen Bavaria ba. Na san da na ɗauka, babu mai tambayata.

Shi ya sa nake rubuta wannan inda kowa zai karanta. Sulen nan ya fi duk sauran daraja, kuma na marayunka ne, Sumaiya da Mubarik. Kada a sayar mini da shi ko na roƙa, domin har yau ina son sa.

Allah Ya jiƙan ka, Ya sanya albarka a abin da ka bari, Ya ba Hajiya da yara haƙuri. Ni kuma Ya yafe mini.

Jumare, Birmingham