Sarkin Ingila na Shaƙƙarmu

Mu shida ne a shaƙƙar, wato gidan hayar da muka zauna a hawa na biyar a unguwar Madinat Nasr, kuma kafin ilimi ya shigo mana lafiya lau muke zaune. Wanda ya ga kwano da datti ya wanke, wanda bai gani ba a zage shi har ya gani. Babu doka, babu shugaba, sai dai akwai Babban Yaya.

Babban Yaya ya girme mu nesa ba kusa ba. Mutumin Haɗeja ne, ya zo Masar tun wasunmu na wasan ƙasa, ya gama digirin farko, ya shiga na biyu, a nan ya maƙale. Duk lokacin da ya kai wa malaminsa kundin bincikensa, sai ya dawo da shi jawur da gyara. Yana da mata da ’ya’ya a gida, amma ya rantse ba zai koma hannu rabbana ba. Kowannenmu shi ya tarbo shi a filin jirgi. Shi ya koya mana tsayar da mikrobas, ƙaramar motar haya, da alamar hannu, shi ya riƙa kai mu layin iƙama, wato takardar izinin zama, yana tsaye tare da mu cikin rana. Babban ɗaki nasa ne shi kaɗai, daga shi sai littattafansa sai ciwon tarin da ba ya rabuwa da shi, mu biyar muna raba sauran ɗakuna biyun. Ran Juma’a kuwa shi yake tuƙa mana tuwon shinkafa, ya kaɗa miyar mulukhiyya, wadda yake cewa lalo ce ta yi karatu a ƙasar waje.

Wanda ya kawo mana ilimin wani ɗan Kaduna ne da ke karatun harsuna da fassara. A shekarar aka ba su darasi kan tarihi da labarin ƙasa da tsarin mulki da al’adun ƙasashe masu magana da Turanci. Mai hankali ya haddace irin wannan abu ya juye a takardar jarrabawa ya huta. Shi kuwa sai ya kwaso ya kawo mana gida. Mutumin da iyakacin arewarsa Iskandariyya, amma in yana zancen Landan sai ka rantse a can aka binne cibiyarsa. Ya manna taswira a bangon falo, ya wayi gari yana cewa abin da ke damunmu rashin tsari ne.

Da farko tsarin Amurka ya so ya ɗora mana. Yana cikin bayanin cewa a can mutum kan fi kowa yawan ƙuri’a kuma ya faɗi zaɓe, sai wani Bakano da suke ɗaki ɗaya ya tafa hannu ya ce, “Ashe su ma suna yi! Su dai sun yi wayo sun rubuta nasu a doka.” Muka ce ai na Amurka mun gwada a gida, kowa ya ga inda ya kai mu. Sai ya koma na Ingila. Abin da ya fi burge shi a nan shi ne, wai su ba su da tsarin mulki rubutacce a littafi guda. Na ce to a ina yake? Ya ce a al’ada yake. Daga baya muka gane namu a cikin kansa yake, duk sanda ya buƙaci doka sai ya zaro.

Aka raba muƙamai. Shi ne Firaminista, wannan ko tambaya babu. Bakano ya zama Ministan Gas, aikinsa in mai sayar da tukunyar gas ya zo yana buga ƙarfe a ƙasa ya leƙa ya ƙwala masa kira. Akwai wani mutumin Damagaram, shi aka ba Shugaban Adawa, tunda ƙasarsu Faransa ce ta raine ta, ba mai zarginsa da son Ingila. Da ya ji cewa a can albashi ake biyan mutum don kawai ya riƙa cewa bai yarda ba, ya ce wallahi wannan sana’a ya jima yana yin ta kyauta. Aka yanka masa ƙarin tsoka ɗaya a miya. Na huɗu wani Bazamfare ne mahaddaci, wanda sai ya wuni bai yi magana goma ba, shi ɗan majalisa ne kawai.

Ni aka ba Kakakin Majalisa. Na fara murna, ashe tarko ne. Kakaki ba ya sa baki a muhawara, ba ya kaɗa ƙuri’a sai in an yi kunnen doki. Ni da bakina ba ya hutawa, dabara ce aka yi don a rufe shi. Suka kama ni suka ja ni har kan kujerar roba ina turjewa, wai haka ake yi wa sabon Kakaki a can, sai ya nuna ba ya so. Ni dai da gaske nake ba na so.

Babban Yaya aka naɗa Sarki. Firaminista ya karanta masa sharuɗɗa: ba zai shiga falo ba in majalisa na zama, kuma duk abin da aka zartar za a kai masa ya ce ya yarda, ba shi da ikon ƙi.

Babban Yaya ya ce, “To ni mene ne aikina?”

“A girmama ka, Yaya.”

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, “Tamam, ya yi.”

Gaskiya mun sha daɗin wasan. Firji ya koma Kanada saboda sanyi, sai ka ji ana cewa miƙo min ruwa daga Kanada. ’Yar barandar da ke bayan kicin ta zama Ostareliya, tunda can Turawan Ingila suka riƙa jibge masu laifinsu a da. Wanda ya ƙi wanke-wanke sai a yanke masa kwana a Ostareliya. Da zafi ya shigo aka daina samun mai wanke kwano, kowa na neman a kore shi can ya sha iska, dole aka soke dokar. Kowace doka ni nake kai wa Sarki. In tsaya a ƙofarsa in ce, “Ranka ya daɗe, majalisa ta hana shanya safa a kan fanka.” Ya ɗago daga littafi ya ce, “Na yarda.”

Ana nan sai ƙanin Firaminista ya samu gurbin karatu, zai zo, kuma babu inda za a sa katifa ta bakwai. Kwatsam sai ga ƙuduri: shaƙƙa ta ’yan digirin farko ce, wanda ya gama ya ba na baya wuri. Ba a ambaci sunan kowa ba. Ai ba sai an ambata ba, mutum ɗaya ne ya gama a cikinmu.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tare Firaminista a matakala na ce, “Kai, kana da hankali kuwa? Ina kake so ya je? Sa’o’insa duk sun koma gida, tallafin karatunsa ya ƙare, nan ne kusa da ɗakin karatu. Mutumin da ya ɗauko maka akwati a ka?”

Ya ce in daina kawo son rai cikin harkar tsari. Wai ba da mutum ake ba, da kujera ake. Ya ce su kansu Turawan Ingila sun sare kan wani sarkinsu, sun kori wani, Amurka kuma sai da ta yar da sarki ta zama Amurka. Na ce to Allah ya sa ka ci jarrabawa, amma ka sani tuwon wancan sarkin ba wanda ya ci.

Aka sa zama ran Juma’a bayan an sauko daga masallaci. Sarki ba ya shiga majalisa, saboda haka yana kicin yana aikinsa na Juma’a. Tsakanin kicin da falo bango ne siriri, in an yi atishawa a nan ana cewa alhamdu lillahi a can. Muna jin ƙarar muciya a tukunya, shi ma babu abin da ba ya ji.

Dokar majalisa ita ce ba mai yi wa wani magana kai tsaye, sai ta kan Kakaki, kuma dole ka kira abokin faɗanka mai girma. Don haka duk zagin ranar a kaina ya sauka.

Badamagare ya miƙe ya ce, “Ya Kakaki, ka gaya wa mai girma wakilin Kaduna cewa ba shi da kunya ko ta sisin kwabo.”

Firaminista ya ce, “Ya Kakaki, ka tuna wa mai girma wakilin Damagaram cewa Faransawan da suka raine shi su ma sun yanke kan nasu sarkin.”

“Ya Kakaki, ka ce masa ƙarya yake, ni ba wanda ya raine ni sai uwata!”

Aka tsaya jayayya kan cewa haramun ne a kira ɗan majalisa maƙaryaci. Badamagare ya janye, ya ce mai girma wakili dai sun yi hannun riga da gaskiya. Bakano ya kawo nasa, ya ce shi ba ya ƙin Yaya, amma mu biyar a cushe, mutum ɗaya da littattafai a babban ɗaki, littafi ai ba ya jin zafi. Ni ina kan kujerar roba, bakina cike da magana, doka ta hana ni furtawa. Can na lura ƙarar muciya ta tsaya, sannan ta ci gaba.

Na ce a ɗaga hannu. Masu goyon baya: Firaminista da Bakano. Masu ƙi: Badamagare ya ɗaga har yana neman taɓa fanka. Muka juya ga Bazamfare. Kansa na ƙasa, yana jan carbi. Da ƙyar ya ɗago hannu iya kafaɗa ya ce, “Ban yarda ba.” Biyu da biyu ke nan.

Firaminista ya yi ƙasa da murya ya ce, a al’adar can in an yi kunnen doki Kakaki yakan bar abu yadda yake. Wannan kam na yaba masa, bai ɓoye ba. Na ce ko da littafinka ya faɗi akasin haka, ni ga hannuna. Khalas, shi ke nan, ƙuduri ya faɗi.

Na ruga kicin kamar wanda aka yi wa albishir. Na tarar da shi yana kwashe tuwo da mara. Na ce, “Ranka ya daɗe, mun ci! Kana nan daram, ba inda za ka.”

Bai juyo ba. Ya ce, “Nawa da nawa?”

“Uku da biyu.”

Ya mulmula wata malmala ya ajiye, ya mulmula wata, har shida. Bai tambayi su wane ne biyun ba. Ya ce, “Ashe har sai da aka ƙirga.” Sannan ya ce in ɗauki miya in kai falo kada ta huce. Muka ci tuwon nan tare, mu shida, ba ka jin komai sai ƙarar kwano.

Ba a jima ba Babban Yaya ya kira ni da Firaminista ɗakinsa. Littattafai duk an ɗaure a kwali. Ya ce, “Malam Firaminista, a cikin karatun naka akwai sarkin da ya sauka da kansa?”

Ya ce, “Akwai, Yaya.”

“To alhamdu lillahi, ban kawo bidi’a ba.”

Ashe Babban Yaya ya samu ɗaki a unguwar Faisal wajen wani tela Bahaushen Sudan. Na tashi da masifa. Na ce Yaya wannan wane irin abu ne, ai mu muka yi nasara! Faisal fa, mota biyu za ka hau kafin ka zo ɗakin karatu, ga wannan tari naka. Ya bari na gama tas, ya ce, “Ƙanena, da ina kwana a gidan nan ne don ana so na. Yanzu kuwa albarkacin hannu ɗaya nake kwana, naka. In ka yi tafiya fa?” 

Muka sauke kwalayen hawa biyar. Firaminista ya ɗauki wanda ya fi nauyi, yana haki, ba wanda ya ce masa sannu. Majalisa ba ta sake zama ba, ba kuma wanda ya rushe ta. Ƙaninsa ya zo ya samu babban ɗaki da fili har ya yi yawa. Shi kuwa Firaminista ya ci darasinsa da maki mafi girma, na taya shi murna ta kan Kakaki, wato na gaya wa kaina.

Juma’ar da ta biyo bayan tashin Babban Yaya, a shaƙƙarmu wake da burodi aka saya. Na kasa ci. Na hau mota har Faisal, na yi ta tambaya cikin lunguna har na gano shagon telan. Ɗakin ƙarami ne, kwalaye sun cinye rabinsa. Yana zaune gaban ɗan risho, ga kula a buɗe, a ciki malmala shida.

Ya ga ina kallo, ya ji kunya, ya ce, “Ma’alish, yi haƙuri, hannu ne ya saba.”

Ya cire ɗaya ya ajiye wa kansa, ya rufe sauran, ya ɗaure da ɗankwalin da ya aro wajen telan. Ya ce in yi sauri kada miyar ta tsinke. Har na kai ƙofa ya ce, “Firaminista ba ya son yaji, na ware masa tasa a ƙaramin kwano.”

Na ɗora kular a cinya cikin mikrobas. Zafinta na ƙona ni tun daga Faisal har Madinat Nasr, ban sauke ta ba.